Ƙwayoyin Ciwon Jiki da Gyambon Ciki: Shin Ganye da Saiwa Za Su Kare Mu?

Yawancin waɗanda suka ƙetaro daga Afirka ta Tsakiya tun daga 2013 da 2014, suka zauna a Tuboro da Mbaimbum da ƙauyukan da ke kewaye, da ƙarfin jikinsu suke ci. Wani ƙodago yake yi a gonar auduga, wani dako a kasuwa, wani acaba. Iyayenmu mata kuwa, tsakanin itace da ruwa da daka, ba su da ranar hutu. Da yamma jiki yakan yi tsami, ƙugu ya riƙe, gwiwa ta ɗau zafi, ga shi gobe ma sai an fita. Sai a aiki yaro wurin mai tebur ko mai tallan magani ya sayo ƙwaya biyu. A sha, a ji daɗi, a kwanta. Gobe a sake.

A ofishin kariya, inda muke aikin tafinta, maganar nan tana yawan zuwa mana ta bayan gida. Mutum zai zo kan batun takardu ko rajistar jariri, sai ka ga yana dafe da ƙahon zuci, in ka tambaya ya ce olsa ce. Da yawa kuma sukan ƙara da cewa sun ji wai idan aka sha zogale ko kurkur ko ruwan kuɓewa, ƙwayar ba za ta taɓa ciki ba. Kan wannan magana muka ga ya dace mu yi bayani a wannan fitowa. Akwai gaskiya a cikinta, amma gaskiyar ba ta kai inda ake kai ta ba, kuma tazarar da ke tsakani tana iya cin rai.

Waɗanne ƙwayoyi ake nufi?

Ba kowane maganin ciwo ne yake cin ciki ba. Waɗanda muke magana a kansu dangi ɗaya ne: diklofenak, ibuprofen, asfirin, indometasin, piroksikam da naproksen. A jikin kwali ko bayan kati za ku ga an rubuta Diclofenac, Ibuprofène, Aspirine, Indométacine, Piroxicam ko Naproxène. Wanda bai iya karatun boko ba ya nuna wa ɗan makaranta ya duba masa ƙananan rubutun, domin kamfanoni suna sa wa ƙwaya ɗaya sunaye iri-iri da launi iri-iri. Sau da yawa ƙullin da mai tebur yake haɗawa, ja da fari da ruwan ɗorawa, biyu daga ciki 'yan gida ɗaya ne. Mai sha yana ganin magani uku ya sha, alhali abu ɗaya ya ninka wa cikinsa.

Parasitamol ba ya cikin wannan dangi. Shi ba ya cin ciki, sai dai yana lalata hanta idan aka wuce ƙima. Tiramol ma ba ya ciki. Nasa sharrin daban ne, kuma maganarsa sai an ware mata rana.

Yadda ƙwayar take yi wa ciki

Cikin ɗan Adam yana fitar da ruwa mai tsananin tsami don narka abinci da kashe ƙwayoyin cuta. Tsaminsa ya isa ya narka nama. To me ya hana shi narka tumbin da yake ciki, tunda shi ma nama ne? Abin da ya hana shi shi ne wani yauƙi mai kauri da ya lulluɓe bangon tumbin, tare da wani ruwa mai kashe tsami, da kuma jini da ke gudana a ƙarƙashi yana gyara duk inda ya ƙuje.

Ku ɗauki misalin ɗakin ƙasa a damina. Ruwa yana dukan bango kullum, amma muddin akwai mai bi yana sabunta yaɓe, ɗaki yana nan tsaye. A cikin jiki, mai kula da yaɓen nan wani sinadari ne da likitoci ke kira furostagilandin. Shi ne yake sa a yi yauƙin, shi ne yake sa jini ya isa wurin. Sai dai kuma wannan sinadarin, a wasu sassan jiki, shi ne yake kawo kumburi da zogi idan an ji rauni ko gaɓa ta gaji. Ƙwayoyin ciwon jiki suna aiki ne ta hanyar hana jiki yin sa. Zogin gwiwa ya lafa, amma a lokaci guda an sallami mai yaɓe. Wani masani ɗan Ingila mai suna John Vane ne ya gano haka a 1971, aka ba shi kyautar Nobel a 1982.

A nan akwai abin da mutane da yawa ba su sani ba. Tunda ta cikin jini ƙwayar take wannan aiki, ba dole sai ta taɓa tumbi take yi masa lahani ba. Allurar diklofenak da ake yi a ɗuwawu ma tana iya kawo gyambo. Haka nan cin abinci kafin a sha yana rage zafin ciki da tashin zuciya, kuma abu ne mai kyau, amma ba ya maido da mai yaɓe. Mutum yana iya cin tuwo ya ƙoshi kafin kowace ƙwaya, duk da haka bayan wata biyu gyambo ya fito.

Idan aka zura na'urar haska ciki ga masu shan waɗannan ƙwayoyi kullum na tsawon lokaci, akan sami gyambo a cikin mutum 15 zuwa 30 daga kowane 100. Da yawansu ba su jin komai, domin ƙwayar da ta yi gyambon ita ce kuma take danne zafinsa. Wani sai ranar da ya yi aman jini yake sanin yana da shi. Haɗarin ya fi yawa ga wanda ya haura shekara 60, da wanda ya taɓa yin olsa, da mai shan taba ko giya, da mai haɗa biyu daga cikin dangin, da mai haɗa su da deksametazon ko firedinisolon, irin ƙwayoyin da wasu ke sha don su yi ƙiba. Akwai kuma wata ƙwayar cuta mai suna helikobakta da ke zama a cikin tumbi, wadda wasu likitoci biyu 'yan Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka nuna a farkon shekarun 1980 cewa ita ce ke haddasa yawancin olsa. A ƙasashen Afirka da dama fiye da rabin manya suna ɗauke da ita ba tare da sun sani ba. Idan ta haɗu da ƙwayar ciwon jiki a ciki ɗaya, ɓarna ta ninku.

Abin da aka gwada daga tsirrai

Masana ba su raina tsirrai ba, kuma ba sai an je nesa ba. A nan Kamaru, a Jami'ar Yawunde ta Ɗaya, Farfesa Paul Tan da abokan aikinsa sun shafe shekaru tun daga wajen 1996 suna gwada ganyaye da sassaƙen da masu maganin gargajiya na kudancin ƙasar ke ba masu ciwon ciki. Cikin waɗanda suka gwada har da wani ganye ɗan'uwan ɗoɗɗoyar da muke sawa a miya. Sun sami cewa ruwan wasu daga cikinsu yana ƙara kaurin yauƙin ciki, yana kuma rage gyambo. A Najeriya, a 2005, masu bincike sun wallafa irin wannan sakamako kan saiwar sabara. A Indiya an yi kan zogale da sassaƙen dogon yaro. A 1984 an wallafa a Ingila cewa garin ɗanyar agada busasshiya yana kare ciki daga gyambon da asfirin ke yi, amma nunanniyar ayaba ba ta yi. Daga baya aka ware sinadarin da ke wannan aiki a cikinta.

Duk wannan labari ne mai daɗi. Sai dai ku tambaya: cikin wa aka kare? Amsa ita ce, a kusan duk waɗannan gwaje-gwaje, cikin ɓera ne. Ga yadda ake yi. A hana ɓeraye abinci kwana ɗaya ko biyu. A ɗura wa wasu ruwan ganyen da aka tace aka auna daidai da nauyin jikinsu, a bar wasu haka nan. Bayan kamar awa ɗaya a ba su duka indometasin ko asfirin mai yawa, sau ɗaya. Bayan 'yan awoyi a buɗe cikinsu a ƙirga gyambo. Idan waɗanda suka sha ganyen sun fi ƙarancin gyambo, sai a rubuta cewa ganyen yana kare ciki.

Wannan mataki ne na farko, kuma yana da amfani, domin da shi ake sanin wane tsiro ya cancanci a bi sawunsa. Amma ɓera ya sha ƙwaya sau ɗaya ne, dattijon da ke fama da ƙugu kuwa wata shida yana sha safe da yamma. An auna wa ɓera abin da ya sha da sikeli. Mu kuwa da hannu muke ɗiba, kuma ƙarfin ganye yana bambanta tsakanin na rani da na damina, na fadama da na tudu, ɗanye da busasshe. Magunguna da yawa sun yi kyau a jikin ɓera, da aka zo kan mutum suka faɗi.

Kuɓewa ma haka. A Jamus, a 2004, an nuna cewa yauƙin ɗanyar kuɓewa yana hana helikobakta manne wa fatar tumbi. Amma a ɗakin bincike aka gani, a kan yankin fatar da aka ajiye, ba a cikin mai rai ba. Kuma yauƙin miya ba ya zama ya liƙe a tumbi ya maye gurbin na jiki. Yana wucewa tare da tuwon.

An yi wasu gwaje-gwaje kan mutane, kuma ya kamata a faɗe su yadda suke. A Amurka, a 1949, wani likita mai suna Garnett Cheney ya ba masu olsa 13 ruwan ɗanyen kabeji, ya ce sun warke da wuri. Mutum 13 sun yi kaɗan a gina hukunci a kansu. A ƙasar Tailan, a 2023, an kwatanta sinadarin kurkur da omeprazol a kan mutum 206, aka ga sauƙin da suka samu ya yi kusan daidai. Wannan labari ya yaɗu ƙwarai a wayoyi. Abin da masu yaɗawa suke tsallakewa shi ne, mutanen masu kumburin ciki ne da rashin narkewar abinci, an kuma haska cikinsu an tabbatar ba su da gyambo, sannan sinadarin da aka ba su tatacce ne a cikin kafso, ba garin kurkur na kasuwa ba. A Saudiyya, a 2010, an ba masu helikobakta habbatus sauda tare da omeprazol, ƙwayar cutar ta mutu a wajen biyu cikin uku, amma maganin asibiti mai haɗi uku ya fi haka. Mai amfani da habbatus sauda ba a ce ya bari ba. Abin lura kawai shi ne wannan gwajin kan ƙwayar cuta aka yi shi, ba kan gyambon da diklofenak ke yi ba.

Har barkono an gwada. A Singafo, a 1995, an ba mutum 18 masu lafiya barkono kafin asfirin, aka ga ƙujewar cikinsu ta ragu. Abin da za mu ɗauka a nan shi ne yaji ba shi ke haifar da olsa ba, kamar yadda aka daɗe ana zarginsa. Amma wanda ya riga ya sami gyambo, in yaji yana ƙona shi, ya rage.

Tsiro ɗaya da ya kai har asibiti

Akwai tsiro ɗaya da ya bi duk matakan har ya zama maganin likita, kuma labarinsa ya fi sauran koyarwa. Wata saiwa ce mai zaƙi da Larabawa ke kira irƙus-sus, suna jiƙa ta su sha, musamman da azumi. A 1946 wani likita a ƙasar Holan mai suna Revers ya lura cewa masu olsa da ke shan wani haɗi na wannan saiwa suna samun sauƙi. Masana suka ciro sinadarinta, suka gyara shi, aka sami magani mai suna karbenoksolon. A 1962 aka gwada shi a Landan kan mutane, ya kuwa warkar da gyambo da gaske. Amma sai ga wasu ƙafafunsu suna kumbura, jininsu yana hawa, wani gishiri da zuciya ke buƙata yana raguwa a jikinsu. Da aka sami magungunan da suka fi shi aminci, sai aka ajiye shi gefe.

Wato abin da ya isa ya yi aiki a jiki ya isa ya yi lahani, ko daga kanti ya fito ko daga daji. Asfirin kansa, da muke kuka da shi, asalinsa sassaƙen wata bishiyar bakin rafi ce da Turawan dā suke jiƙawa don zazzaɓi. A 1897 kamfanin Bayer na Jamus ya gyara sinadarinta ya zama asfirin. Man 'ya'yan dogon yaro kuwa, da wasu ke ɗura wa yara, an tabbatar yana sa su jijjiga da suma, har da mutuwa. Kada a ba yaro shi ko ɗigo.

Sai kanwa da nono, waɗanda su ne mafi kusa da hannu a gidajenmu. Jiƙon kanwa yana kashe tsamin ciki na ɗan lokaci, shi ya sa ƙwannafi ke lafawa. Amma ba ya warkar da gyambo, kuma gishirin da ke cikinta yana da yawa, mai hawan jini da mai ciwon ƙoda da mai jego su kiyaye. Madara da nono abinci ne masu kyau, suna sanyaya ciki na ɗan lokaci, daga baya kuma ciki ya ƙara fitar da tsamin don ya narka su. A sha don ƙoshi, kada a ɗauke su garkuwa.

Wani abin kuma da ya fi ba mu tsoro: a ƙasashe da dama an sha kama garin maganin gargajiya na ciwon gaɓɓai da sanyin ƙashi an daka ƙwayoyin bature a ciki, diklofenak ko deksametazon. Idan aka ba ku gari ko ruwan jarka aka ce ganye ne zalla, kuka sha ciwon shekara ya ɗauke cikin awa ɗaya, ku yi shakka. An gudu ba a tsira ba ke nan.

To me za a yi da ciwon?

A ganinmu, zogale da kuɓewa da kabeji da ɗoɗɗoya da agada a ci su a matsayin abinci, gwargwadon abin da Allah ya hore. Suna gina jiki, kuma ba mamaki suna yi wa ciki wani alheri. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne mutum ya ce tunda yana shan ruwan zogale da safe, to ya sami lasisin shan diklofenak kullum. Har yau babu wani ganye ko saiwa ko sassaƙe da aka tabbatar a kan mutane masu yawa cewa yana hana waɗannan ƙwayoyi yin gyambo.

Ga ciwon gajiya da ciwon kai da zazzaɓi, a fara da parasitamol. Babba ya sha ƙwaya ɗaya ko biyu masu miligiram 500, ya bar aƙalla awa huɗu kafin ya sake, kuma kada ya wuce takwas a yini da dare. Mai ƙaramin jiki, da mai ciwon hanta, da mai shan giya, nasu ya gaza haka. A duba sauran magungunan mura da ake sha tare, domin da yawansu akwai parasitamol a ciki. Zazzaɓi kuwa a nan yankin a je a yi gwajin maleriya, kada a yi ta danne shi da ƙwaya. Gasa wuri da ruwan ɗumi, da tausa, da maganin shafawa, suna rage buƙatar haɗiya. Na shafawa kaɗan ne daga cikinsa yake shiga jini.

Idan ya zama dole a sha ibuprofen ko ɗan'uwansa, a sha iri ɗaya tak, mafi ƙarancin abin da zai yi aiki, na 'yan kwanaki, bayan an ci abinci, da ruwa mai yawa. Maganar ruwa ba wasa ba ce a zafin Maris da Afrilu, domin waɗannan ƙwayoyi suna taɓa ƙoda idan jiki ya bushe, ko ga mai gudawa da amai. Mai juna biyu kada ta sha su sai ma'aikacin lafiya ya ce, musamman daga wata na biyar zuwa haihuwa. Yaro ƙasa da shekara 16 ba a ba shi asfirin. Amma wanda likita ya ɗora a kan ƙaramin asfirin saboda zuciya ko shanyewar jiki, kada ya daina da kansa saboda ya karanta wannan takarda. Ya koma ya yi magana da likitan.

Masu ciwon da ba ya tafiya, irin na ƙugu da gwiwar tsufa da sikila, waɗanda ba su da makawa sai sun daɗe suna sha, su ne suka fi buƙatar zuwa cibiyar lafiya. Akwai maganin da aka gwada a kan dubban mutane aka tabbatar yana kare ciki, wato omeprazol. Yana rage tsamin da ciki ke fitarwa, yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, akan sha shi sau ɗaya da safe kafin karin kumallo. Ma'aikacin lafiya ne zai faɗi ko ya dace da ku da tsawon lokacin da za ku sha. Idan kuma akwai helikobakta, ita sai da haɗin magunguna na kwana 10 zuwa 14, a sha su duka ko da an ji sauƙi a rana ta uku. Masu azumi da ke kan irin waɗannan ƙwayoyi su tambayi yadda za su tsara sha tun kafin watan ya kama.

Alamun da ba a kwana da su

Bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta, mai danƙo da wari na daban, jini ne da ya zubo daga sama ya narke a hanya. Aman jini, ko amai mai kama da dusar gahawa, shi ma haka. Idan jiri yana ɗibar mutum da ya miƙe, tafin hannunsa da cikin idonsa sun yi fari, zuciya tana bugawa da sauri, jini yana tsiyaya a ciki ko da ba a gan shi ba. Mafi muni shi ne ciwo mai tsanani da ya soki ciki farat ɗaya, ciki ya ƙame kamar katako, mutum ba ya son ko motsi. Wannan alamar gyambo ya huda tumbi ce, kuma sai tiyata.

A irin wannan hali kada a ba shi jiƙo, ko kanwa, ko nono, ko wata ƙwayar. Kada a jira gari ya waye don a gani. A nemi abin hawa a kai shi cibiyar lafiya mafi kusa ko asibitin gundumar Tuboro nan take. Idan abin ya fi ƙarfin nan aka ce sai Garwa ko Ngaundere, kun san nisan hanyar da yadda take da damina, don haka awa ɗaya da aka ɓata a gida ba ta dawowa. Maganar kuɗi ko takarda kada ta tsai da ku. A tafi da katin gudun hijira, wani daga cikin iyali ya sanar da shugaban unguwa ko ma'aikacin lafiya na al'umma.

Mata masu juna biyu da ke shan ƙwayar ƙarin jini ta awo, ita ma tana baƙanta bayan gida, amma ba ya danƙo kuma ba ya zuwa da jiri ko wannan wari. In an yi kokwanto, a je a nuna.

Duk lokacin da za ku je, ku tattara kwalaye da katunan ƙwayoyin da aka sha, har da waɗanda suka ƙare, da ragowar gari ko jiƙon da aka yi amfani da shi, ku tafi da su. Ba don a yi wa kowa faɗa ba. Likita yana buƙatar ya san abin da ya shiga cikin. Wanda ba ya jin Faransanci ko Fulatanci ya faɗa tun a ƙofa a nemo masa tafinta. Masu karatu kuma a taimaka a karanta wa dattawan gida wannan shafi, domin su ne suka fi shan ƙwayoyin.